Yadda Siddiƙu Baduku Ya Zama Malam

Mu uku uwarmu ta bari a Shiyar Dukawa, nan cikin birnin Sakkwato: Dodo babba, sai ni Juwairiyya, sai Siddiƙu auta. Dodo ya gaji ubanmu a rumfa da hali, in ka kawo mishi fata zai ɗinka maka abin da ka ce, ba ya tambayarka abin da za ka yi da shi. Ni na gaji uwarmu a baki. Siddiƙu kuwa har ya koma ga Allah ban gano wanda ya gada ba.

Hannu dai yana da shi. In ya yi maka zabira ko kuben wuƙa, sai ka ji tausayin sa musu kaya. Illarshi tambaya. Yana ɗan shekara bakwai ya tsare ubanmu da cewa, don me shi kaɗai ake ce mishi baduku, amma in sun taru a kasuwa sai a ce dukawa, ina "ba" ɗin take zuwa in an yi yawa? Ubanmu ya ba shi amsa da ranƙwashi.

Ya yi allo kamar kowa, ya yi nisa ma, sai aka zaunar da shi a rumfa don ana bukatar hannunshi. Abin da ranshi ke so tun yana yaro abu ɗaya ne, a kira shi Malam. To, a Sakkwato gidajen malamai sanannu ne, gadon abin ake yi kamar gona. Ɗan baduku ko ya haddace duk littafin da ke cikin gafaka, abin da za a ce shi ne, gafakar ta yi kyau, wa ya ɗinka?

Yana saurayi Nasara sunka ci gari. Da safe anka fita yaƙi a filin Giginya, kafin a ɗora tukunyar rana an gama. Bayan ƙura ta kwanta sai anka ga ashe su ma sirdinsu na tsinkewa, takalman sojansu na buɗe baki kamar na kowa. Dodo ya ce shi ba ya taka bariki. Siddiƙu ya ɗauki basilla da zare ya tafi. Can ya haɗu da wani akawu mutumin Lakwaja, yana yi mishi takalma, shi kuma yana koya mishi baƙaƙen Nasara, waɗanda ake farawa daga hagu, hannun da ake tsarki da shi. Shekara uku yana wannan, ba wanda ya sani sai ni.

A lokacin mijina ya rasu, na dawo gida da ɗiyata Sadiyatu, ina dama fura. Turmina yana jikin bangon zaure ta ciki, bangon kuma yana da wata kafa da ba a taɓa toshewa ba, don ni na hana. Duk abin da aka faɗa a zauren nan a kunnena yake sauka.

Kamar shekara goma da zuwan Nasara, akwai wani Bature mai kula da sha'anin makaranta, ana ce mishi Jan Wuya. Wata rana Siddiƙu ya mayar mishi da jakar da ya gyara, ya ga takarda a kan tebur da Hausar boko, bakinshi ya ƙi zama a rufe, ya karanta. Jan Wuya ya dube shi ya ce, malamai suna mishi wuyar samu, yara sun fi malaman wuya. In Siddiƙu zai tara ƙananan yara goma a shiyarsu ya koya musu, shi zai zo bayan an yanke gero ya gani da idonshi. In goman nan sun karanta, ya ɗauke shi malamin makaranta. In ba su cika goma ba, ya ci gaba da gyaran sirdi.

Siddiƙu ya shigo gida kamar wanda aka naɗa wa rawani. Dodo ya saurare shi har ƙarshe yana tauna goro, sannan ya ce, "Wa za shi ba ka ɗanai ka kai shi wuta?"

Gaskiyar Dodo ce. Kwana bakwai Siddiƙu na bin zauruka, mazan shiya na ce mishi za su yi shawara. Da na gaji da ganin fuskarshi sai na ce, "Siddi, ka bar bin maza. Nemi 'yan shekara biyar da shida, waɗanda ke maƙale wa uwayensu a zane suna hana su daka. Ka ce za ka riƙe su daga hantsi zuwa azahar. Kada ka ambaci karatu sai an tambaye ka."

Ba wadda ta tambaya. Haka ya samu bakwai, na ƙara mishi da Sadiyatu sunka zama takwas. Daga nan lissafi ya tsaya cik, saura biyu, kamar an binne mishi wani abu a ƙofar gida.

Wata biyu yana koya musu baƙaƙe a ƙasa da tsinke. Da anka zo haɗa kalma sai yara sunka cije. Takarda babu, allo kuwa ba shi da ƙarfin halin da zai rubuta boko a kai. Sai ya koma ga abin da ya gada. Ya kwaso guntayen fata daga rumfar Dodo, ya yanka su kamar faɗin yatsa uku, ya kasa su uku yadda ake kasa akuya. Farar fata ita ce ciki. Ja ita ce kai, ana ajiye ta a gaba. Baƙa ita ce wutsiya, ana ajiye ta a baya, ita kuma da farin ƙasa ya rubuta mata. Ya zuba su a faifai uku.

Ya dubi wani yaro ya ce, "Tambari, ɗauko cikin nan. Karanta."

"Ɗink."

"Ɗink mutum na, ko dabba?"

"Ba komi ba na, Baba Siddi."

"To sa mishi kai."

Tambari ya lalubo ja mai "ma" ya ajiye a gaba.

"Ka taɓa ganin akuya ba wutsiya?"

Ya ɗauko baƙa mai "i" ya ajiye a baya. Ya daɗe yana kallo, leɓe na motsi, sannan ya ce, "Maɗinki."

"In sun yi yawa fa?"

Wani ya cire wutsiyar ya sa mai "a", sunka ce maɗinka. Ya ce in mace ce fa, Sadiyatu ta ture su ta sa mai "iya". Haka sunka bi shiyoyin gari kaf, marini da marina, majemi da majema, masaƙi da masaƙa. Sunka koma kan mutane, ya ba su cikin Gobir sunka sa kai da wutsiya ya zama Bagobiri, sunka cire kai sunka sauya wutsiya ya zama Gobirawa. Ranar da sunka haɗa baduku da dukawa da dukanci, na ji muryar Siddiƙu ta canza. Shekara ashirin da wani abu yana ɗauke da tambayar nan da ranƙwashinta.

Akwai ranar da Tambari ya haɗa wata doguwa shi kaɗai, ya karanta, "Mafaɗaciya." Siddiƙu ya ce madalla, wa ya san wata mafaɗaciya? Na leƙa ta kafar nan, na ga yatsu takwas sun nuno bango, har da na wadda na haifa. Ranar ba wanda ya sha fura a zauren.

Don ya ƙara musu zafi, sai ya ce duk wanda ya haɗa kalma daidai sau uku, zai ba shi guntu ɗaya kyauta ya tafi da shi gida. Daga nan abin ya faro.

Muna da maƙwabci, Mode majemi, matarshi Lailatu, ɗansu Ƙasimu yana cikin takwas ɗin. Ƙasimu ya ci ja ɗaya, ya rasa inda zai ɓoye ta don ƙannenshi, sai ya cusa a naɗin hular ubanshi. Kashegari anka shigo shiya ɗibar 'yan dako, masu kai wa Nasara kaya a ka har Jega. Anka jera maza goma sha biyu a bakin masallaci. Sojan da ke ɗibar ya zo kan Mode, ya dube shi sama da ƙasa, ya wuce. Sha ɗaya sunka tafi, Mode ya dawo gida.

Ni na san dalili, kowa ma ya sani in yana so. Kurkunu ya kumbura wa Mode ƙafa kamar tulu, ga warin rijiyar jima da ke riga shi isa wuri. Ko makaho ba zai ɗora mishi kaya ba. Amma da Lailatu ta kakkaɓe hula jar fata ta faɗo, sai ta manta mijinta yana da ƙafa.

Ta same ni bakin turmi, ta rage murya. "Yaya Juwai, don girman Allah, mi ƙanenki ka rubutawa ga fatun nan?"

Na ce, "Rubutun Nasara."

Ta ce, "To ai shi ke nan. Mutanen da sunka ci Sakkwato kahin rana ta yi zahi, ke kina jin bindiga ta kaɗai? Mu ma muna da bindiga. Asirinsu na cikin rubutunsu. Wanda ya rataya shi, idonsu ba ya kama shi."

A nan ya kamata in ce, Lailatu, je ki duba ƙafar mijinki. Amma na tuna saura yara biyu. Sai na ce, "Ni dai kin san ban yi karatu ba." Wannan kuwa ba ƙarya ba ce.

Kafin Juma'a yara sun zama goma sha biyar. Kafin wata ya mutu sun wuce talatin, zaure ya cika har ana zama a dakali. Mata sunka raba wa fatun aiki da kansu: ja tana hana dako da sammaci, baƙa tana rufe idon masu ƙidayar gidaje. Fara ba wanda ke so, an ce ba ta da kaifi. Tunda kuma ba a samun guntu sai yaro ya haɗa kalma sau uku, uwaye sunka tashi tsaye. Na ji da kunnena wata na ce wa ɗanta, "Yau in ka dawo min ba ja, tuwonka na wurin Siddiƙu." Matan da ba su san alif ba sunka zama masu tsare yara da bita. Yaro na cin abinci ana ce mishi, to, in marini sun yi yawa fa?

Guntayen kuwa rumfar Dodo suke komawa, inda sunka fito. Shi ke ɗinke su a cikin kube, a sa musu igiya, su zama laya. Ya san ko mene ne, shi ya ba da fatar. Na ce mishi, Dodo, ba ka jin kunya? Ya ce, "Fata cikin fata, tun da nike ban taɓa aiki mai sauƙi haka ba. An ce in ɗinka, na ɗinka."

Mutum ɗaya ne a Shiyar Dukawa bai san abin da ake ciki ba. Kullum da la'asar sai ya zauna yana yankan sabbin kai da wutsiya, faifan ciki kuwa yana nan tuli ba ya raguwa. Ya ce min, "Yaya, kin gani ko? An ce mutanenmu ba su son ilimi. Har gida yaran nan ke zuwa da karatu." Na ce lalle kam, har a wuya suke rataya shi. Ya yi dariya, ya ɗauka salon magana ne.

Saura kwana goma Jan Wuya ya zo, sai ga wata tsohuwa tun daga Wamakko, da kaza a hammata. Ta durƙusa a ƙofar zaure gaban yara ta ce, "Allah shi gafarta Malam."

Siddiƙu ya waiga bayanshi ya ga ko da wani. Da ya tabbata da shi ake, sai da ya gyara zama.

Ta ce, "Ɗana guda na, Malam, shi ka yi min noma. An ce kai ka ba da jan nan na hana dako. A taimake ni da ɗaya, ko ƙarama."

Ya sa ta maimaita. Ta maimaita, ta ƙara da labarin Mode, wanda a bakin mutanen Wamakko ya riga ya zama soja arba'in sun kewaye shi yana tsaye ba su gan shi ba. Siddiƙu ya dubi yaran. Karon farko ya duba wuyansu da kyau. Ya san ɗinkin wanshi ko a cikin duhun rijiya.

Ya sallami yara, ya ce wa tsohuwa ta koma da kazarta, ya ɗauki askarshi ta yankan fata ya nufi kasuwa. Ban bi shi ba, amma kafin ya dawo mutum huɗu sun kawo min labari. Ya iske layu shida a tabarmar Dodo suna jiran masu su. Ya ɗauki ɗaya, gaban dukawa da masu ciniki, ya farke ta, ya zaro jar fata ya ɗaga sama. Ya ce, "Jama'a, wagga 'ma' ta. Ni na rubuta ta da hannuna don yara su koyi haɗa kalma. Ba ta hana dako, ba ta hana sammaci, ko ƙuda ba ta korewa." Ya farke ta biyu ya ce wannan "ba" ce. Ya bi shidan nan duka.

Wanda bai zauna cikinmu ba ba zai san girman abin da ya yi ba. Laya ba a buɗe ta. Ko ta maƙiyinka ka tsinta a hanya, ka binne ko ka jefa gulbi, amma ba ka duba cikinta. Baduku kuwa da shi ake rufe sirrin mutane, ya ɗinke bai gani ba, ya mutu bai faɗa ba. Ɗan baduku ya tsaya tsakiyar kasuwa yana farke layun mutane, wannan ko hauka ko mugunta. Ba wanda ya ji abin da ya faɗa, askar kawai anka gani. Wasu sunka ce rowa ce, ya ga abin ya yi albarka yana so ya janye. Wasu sunka ce Nasara sunka sa shi ya kashe maganin.

Kashegari yara biyu sunka zo, Sadiyatu da Tambari. Shi Tambari su tara ne a ɗakin uwarshi, ko kura ce ta buɗe makaranta za ta tura shi.

Kwana uku Siddiƙu na zaune gaban faifai uku da yara biyu. A na huɗu ya zagayo ciki ya tsaya kaina.

"Kin sani?"

"Na sani."

"Kuma kinka yi shiru."

"Ka tambaye ni? Kai da ke tambayar inda 'ba' take zuwa, ba ka taɓa tambayar inda fatarka take zuwa ba."

"Yaudara ce, Yaya. Mutum zai tsaya gaban soja yana jin ba a ganinshi."

"Wa ya yaudari wa? Kai ka ce musu magani ne? Su sunka faɗa wa kansu. Yaran sun iya ko ba su iya ba?"

"Sun iya."

"To Bature zai zo ganin yara goma ne, ko zai zo ganin zuciyarka?"

Ya ce in da ƙarya zai zama malami, gara ya mutu yana gyaran sirdi. Na ce Allah shi ba da sa'a, sirdi ba ya ƙarewa. Ya fita. Na bi bayanshi da kallo, na ga kafaɗun nan sun sauka kamar na ubanmu a shekarar da ya daina gani.

Shi ya ce ba zai yi ƙarya ba. Ban ji inda ya ce kada ni in yi ba.

Ran Litinin na ɗauki ƙwaryar fura na shiga gidan Mode. Gida ɗaya ya isa in akwai Lailatu a ciki. Ta karɓe ni da fuska kamar ƙasan tukunya. Na zauna na bar ta ta gama zagin ƙanena, har na taya ta kaɗan. Sannan na ce, "Ku dai ba ku da lura. Bature na zuwa jibi. Kina so ya ji a gari cewa Siddiƙu na raba wa mutane makamin Nasara? Abin da ya yi a kasuwa don kunnen bariki ya yi shi."

Ta matso.

Na ce, "Kuma abin yana da sharaɗi, ban so in faɗa ba. Ba ya kamawa sosai sai ɗan gida ya karanta shi da bakinshi a gaban Bature, ido da ido. Gidan da ɗansu bai zo ran Laraba ba, fata kawai suke rataye da ita." Wannan ta ƙarshen ko gaban alƙali zan maimaita ta. Na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa, don in tabbata ta kai ko'ina.

Ran Laraba da hantsi Siddiƙu ya fito da faifanshi, ya yi niyyar ya ba Bature haƙuri ya koma bariki. Ya iske yara talatin da huɗu zaune, an yi musu wanka, an shafe su da man shanu, ido ya sha kwalli, kowane wuya da laya sabuwar ɗinki. Tsofaffin mata sun jeru a jikin bango, matan aure kuwa kawuna ne kawai ta saman katanga. Ya tsaya. Ya juyo ya dubi kafar bangon nan, daidai inda idona yake. Na ci gaba da daka.

Jan Wuya ya iso kan basukur, kekenshi ke nan, anka ba shi kujerar tsugunne ya zauna gwiwa na taɓa haɓa. Ya ce kada Siddiƙu ya sa baki, shi zai zaɓa. Ya ɗauko cikin Larab ya miƙa wa wata yarinya, ta sa kai da wutsiya ta ce Balarabe. Ya ce in suna da yawa, ta ce Larabawa. Ya ce maganarsu fa, ta lalubo wata baƙa ta ce Larabci. Ya karɓi farar fata wadda ba a rubuta komai ba, ya rubuta wani ciki da alƙalaminshi, wanda ba su taɓa gani ba, ya ba Ƙasimu. Ƙasimu ya juya ta, ya sa kai, ya sa wutsiya, ya dubi mutumin tsakiyar ido yadda uwarshi ta umurce shi, ya ce, "Bature." Ta saman katanga na ji Lailatu ta sauke ajiyar zuciya.

Da ya gwada goma ya rufe littafinshi ya ce ya isa. Ya yunƙura zai tashi, sai wata tsohuwa, kakar wani yaro, ta tsaya a ƙofar zaure da sandarta. Ta ce, "Ranka shi daɗe, saura jikana." Ya zauna ya ji jikanta. Wata ta ce saura nata. Haka mutumin nan ya saurari yara talatin da huɗu ɗaya bayan ɗaya, kowane yana zare mishi ido, har anka kira azahar. Wuyan nan da ake faɗa, ranar na ga iyakar janshi.

Da anka gama ya share gumi ya ce, "Siddiƙu, mu da umurnin manya muke neman yara, ana ɓoye mana su a rumbu. Kai ba ka da dogari, ba ka da sarauta. Yaya ka yi?"

Na tsai da taɓarya. Tsofaffin nan duk sun zuba mishi ido. Ga wanda ya farke laya shida a kasuwa don kada a zauna kan ƙarya, ga layu talatin da huɗu suna kallonshi, ga abin da yake nema tun yana ɗan shekara bakwai a cikin littafin da ke hannun Bature. Ya dubi yaran, waɗanda ko me ya kawo su, sun iya.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, mutanen shiyarmu... suna son karatu."

Ban taɓa jin ƙarya mara gishiri irin wannan ba, yaron goye ba zai yarda ba. Jan Wuya ya gyaɗa kai, ya buɗe littafi ya rubuta. Ya ce Malam Siddiƙu ya zo makaranta ran Asabar.

Da kowa ya watse ya shigo ciki ya zauna a kan turmin da na kifar. Na dama mishi fura na ba shi. Ya sha rabi.

"Mi kinka hwaɗa musu?"

"Kana son ka sani?"

Ya daɗe yana juya ludayi. Ya ce, "A'a."

Shekara ashirin da biyu ya yi yana koyarwa. A makaranta an ba shi allon bango da alli da littattafai, ya karɓa ya gode, amma 'yan aji ɗaya da fata yake fara musu, kai ja, ciki fari, wutsiya baƙa. Cikin yaran zauren nan an samu akawu, an samu malaman asibiti, Tambari ma malamin makaranta ya zama, yana dukan yara kamar ba a taɓa yi mishi haƙuri ba. Sadiyatu ta yi aure da karatunta, mijinta bai sani ba sai da ta karanta mishi takardar da ya ɓoye a ƙarƙashin tabarma.

Mata kuwa ba su daina zuwa ba, daga Wamakko, daga Kware, har daga ƙetaren gulbi. Bai ƙara farke layar kowa ba, kuma bai taɓa cewa tana aiki ba. In mace ta durƙusa ta faɗi bukatarta, sai ya ce mata a fili, "Baiwar Allah, fatar nan ba ta maganin komai." Ita kuma sai ta gyaɗa kai ta dubi hagu da dama, ta ce ta gane, Malam, ba za ta faɗa wa kowa ba. Sai ya ce, "Kina da yaro ɗan shekara biyar ko shida? Kawo shi gobe da hantsi."